Ƙwallo Ɗaya ta Kawu Dogo

Kawu Dogo, Allah ya jiƙansa, tela ne, amma a shagonsa musun ƙwallon kwando ya fi ɗinki yawa. Duk gwanin da aka yaba, sai ya tsayar da keke ya ce, "Ku bar zancen iya wasa. Saura sakan biyu a wasan ƙarshe, zai iya jefawa?"

Da ƙuruciyarsa a benci ya fi zama. Sau ɗaya aka sa shi, ya jefa wadda ta ba ƙungiyarsu kofi. Matarsa takan leƙo ta ce, "Shekara talatin, har yau ƙwallon nan ba ta sauko ba?"

Sai da ya tsufa ya gaya min gaskiya: "Ɗana, ido na rufe. Ihun mutane ne ya sanar da ni ta shiga."