Albasar Surukina da Maɓallan Shirme

Daga Salaga har Kulungugu babu mai hannuna a haɗa manhajar waya. Da ƙungiyar direbobinmu ta ce in yi mata wadda 'yan kasuwa za su riƙa kama gurbin kaya a lori, kwana tara na gama. Kyanta kuwa, a tashar Yendi wani direba ya tsaya kallonta har motarsa ta cika ta tashi ba shi.

Sai na kai ta Bawku wurin surukina. Dillalin albasa ne, idonsa ya tafi shekaru da yawa, amma wayarsa tana karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Yana da buhu arba'in da suka fara tsiro, lorin Kumasi kuma jibi zai tashi. Ya gaji da roƙon maƙwabta su yi masa waya da direbobi.

"Baba, taɓa kawai," na ce, ina gyara hula gaban abokansa.

Ya taɓa. Wayar ta ce, "Shirme ɗaya." Ya matsa. "Shirme biyu." Can ƙasa ta ce, "Wannan dai na gaji wallahi."

Maɓallan duk hotuna ne, ban rubuta wa ko ɗaya bayani ba. Sunayen da na laƙa musu ina aiki, don na ɗauka ba mai gani, su wayar ke shelantawa da muryar Baturiya.

"Wane shirmen ne na Kumasi?" in ji Baba, ko murmushi babu.

Washegari na zauna a rumfarsa, na ɗaure idona da rawaninsa, na bi manhajar da kunne. Sau uku ina tura albasarsa Pusiga maimakon Kumasi. Kowane maɓalli na ba shi sunan aikinsa, na jera su yadda yatsa zai bi, na ƙara girman rubutu don masu gani dishi-dishi. Kafin la'asar Baba ya kama gurbi da kansa, wayar ta karanta masa lambar lorin.

Na kwance rawanin na ce, "Baba, ka ga aikin gwani?"

Ya sa wayar a aljihu. "Na ji dai. Da na san sai an ɗaure maka ido kake aikin kirki, da tun ranar ɗaurin aure na sa an yi maka."