Sati Ukun da Ɓargona Ya Yi a Daskare

Ko na tsufa, ba na jin zan manta ranar da aka narkar da ɓargona.

Yayata, wadda muke kira Adda, ta kamu da kansar jini, kuma cikinmu 'yan'uwanta ɓargona ne ya dace da nata. A wani asibiti a ƙasar waje aka ɗebi ɓargon daga ƙuguna. Sai zazzaɓi ya kama ta, aka ɗaga ranar dasa mata shi. Likitoci suka tace ɓargon, suka zuba masa maganin da ke kare ƙwayoyinsa, suka sanyaya shi sannu a hankali har ya daskare. Ni kuwa bautar ƙasa na jirana, dole na dawo Jimeta.

Karatuna ne ya hana ni sakat. A jami'a an koya mana cewa ƙanƙara na iya fasa ƙwayar halitta, kuma an riga an fara ba Adda maganin da zai kashe nata ɓargon. In nawa ya lalace, ban san me za a yi ba.

Dada, mahaifiyarmu, kifi take sayarwa a Nassarawo, ta fi kowa sanin firiza.

"In an ɗauke musu wuta fa?" ta tambaye ni.

"Ba firiza ba ce, Dada, tanki ne mai wani ruwa da ya fi ƙanƙara sanyi. Ina jin ba ya buƙatar wuta. Wataƙila dai."

"Kai da wataƙila! Digirin wataƙila ka yi?"

Bayan sati uku, muna tsakar gida da hantsi, mijin Adda ya kira. An narkar, an gwada, ƙwayoyin suna raye, har an sa mata ta jijiya. Ya miƙa mata wayar.

"Ƙanena, me kake ci ne?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Duk ɗakin warin tafarnuwa yake!"

Na fara bayanin cewa maganin daskarewar ne ke da wannan warin, amma Dada ta ƙwace wayar tana dariya tana hawaye. A ranar, kifin sayarwa ta soye, ta raba wa maƙwabta. Na so in ce a jira a ga ko jikin Adda zai karɓa, sai kawai na ɗauki nawa kifin.

Jikin nata ya karɓa. Yau Adda tana koyarwa a Demsawo.

Har yanzu ni mai fargaba ne. Amma na koyi cewa in alheri ya zo, ko rabi ne, a yi murnarsa a ranar, gobe tana hannun Allah.