Tantin Da Ya Shekara Tara A Saman Sif

Wata rana, a wata unguwa cikin Kano, wani malamin makaranta mai suna Malam Tanimu ya taka kujera ya sauko da wata jaka daga saman sif.

Tanti ne a ciki, ɗan ƙarami.

Shekara tara ke nan da ya saye shi a wajen 'yan gwanjo, kuma tun ranar da aka ɗaure bakin jakar ba a sake kwance shi ba.

Malam Tanimu labarin ƙasa yake koyarwa. Shekara ashirin yana zana wa 'ya'yan mutane dajin Yankari a allo, yana ba su labarin ruwan ɗumi na Wikki, wai garau yake, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka. In ka ji shi sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya.

Bai taɓa zuwa ba.

'Yarsa ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa ake kiranta Walida, tana 'yar shekara tara ta ga hoton giwa a littafinsa. Ta tambaye shi ko da gaske akwai su a ƙasar nan. Ya ce akwai, kuma in dogon hutu ya zo zai kai ta ta gani da idonta, har su kwana a tanti.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya riƙe hannunta suka tafi kasuwa. Ɗan gwanjo ya kafa musu tantin a gefen rumfa, Walida ta shiga ta kwanta, ta miƙe, ta yi birgima, har da sauran wuri. Da suka dawo gida ta yago kwalin sukari ta zana hanyar da za su bi.

Hutu ya zo, sai bikin ƙaninsa ya taso.

Wata shekarar injin mota ya buga. Wata aka yi rasuwa. Wata aka ce hanya ba lafiya. Wata kuma shi kansa ba zai iya tuna dalilin ba, ya dai san an fasa.

Kullum maganarsa ɗaya ce: baɗi in Allah ya kai mu.

Bana Walida ta cika goma sha takwas. Ta samu gurbin karatun likita a wata jami'a mai nisa, watan tara za ta tafi. Kowa kuwa ya san masu wannan karatu ba su da wani dogon hutu, in sun zo gida ma littafi ne a fuskarsu.

Wato wannan hutun shi ne na ƙarshe, Malam Tanimu ya sani sarai.

Ya samu sabon littafin rubutu ya zauna tsara tafiya, kamar mai shirya jarrabawa.

Asabar bayan asuba a tashi. A karya kumallo a bakin kogin Wudil. A tsaya Birnin Kudu a ga zanen shanun da mutanen dā suka yi a jikin dutse. A tsaya a ɗauki hoto a gindin duwatsun Ningi. A kwana Bauchi, washegari a shiga Yankari, kwana biyu a tanti.

Ya aro babban tanti wajen abokin aikinsa don shi da matarsa Rakiya da ƙananan yara uku. Ƙaramin kuwa na Walida ne, alkawari ne. Ya sake taya biyu, ya sayi maganin sauro da babbar leda saboda damina. Rakiya ta kwana biyu tana daka dambun nama da suyar cincin, bayanta har ya riƙe.

Komai ya kammala.

Sai ya yi kuskuren da ire-irenmu kaɗai ke yi.

Ya shiga guruf ɗin dangi ya rubuta cewa ranar Asabar za su yi tafiya ta hanyar Bauchi, a sa su a addu'a.

Addu'a ya roƙa, jama'a. Saƙo ya samu.

Kafin la'asar yayansa, Yaya Sabo, ya turo buhun shinkafa a kai wa surukansa a Ningi. Wata 'yar'uwa ta kawo kan keken ɗinki a miƙa wa 'yarta a Birnin Kudu. Maƙwabciya ta ji labari ta katanga, ta aiko da jarkar man gyaɗa. Har turmi aka kawo, wallahi, sabon turmi da taɓarya, kamar babu itace a ƙasar Bauchi.

Kowa kuma da kalmarsa: tunda hanyarka ce.

Ku kun san yadda saƙo yake a wurinmu. Ba a miƙa shi daga ƙofar gida a juya. Sai an shiga, an gaisa, an tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, an sha ruwa, sannan a ce ai an riga an ɗora tukunya. Kowane saƙo awa biyu ne, in an yi sa'a.

Malam Tanimu ya buɗe littafinsa ya soke karin kumallon Wudil. Ya soke hoton Ningi. Zanen dutse ya rage masa lokaci zuwa minti goma.

Rakiya ta ce masa ya faɗa musu gaskiya, mota ta cika. Ya ce da wane bakin? Zumunta a ƙafa take, kuma ba a san shi da rowar mota ba. Ta dube shi kawai ta ci gaba da ɗaure ledar cincin. Ta gaji da wannan zance tun ba yau ba.

Ana wata ga wata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya Sabo ya ja shi gefe. Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinsu, tana son zuwa Bauchi ganin sabon jika, ga ciwon ƙafa, motar haya tana wahalar da ita. Tunda ga mota a gida, ai magana ta ƙare.

Malam Tanimu ya ce kujerun sun cika, mutum huɗu ne ma a baya.

Yaya Sabo ya ce ai mai sauƙi ne. Ƙananan ba za su zauna babu uwarsu ba, to babbar ta zauna a gidansa. Ba yarinya ba ce, kuma yawon ganin biri ba farilla ba ne.



Walida 'yar fari ce. A yadda aka tashe shi, mutum ba ya nuna son ɗan fari a gaban manya. Ba ka kama sunansa, ba ka yabonsa, ba ka tare masa faɗa. In za a hana wani a gidan, shi ake fara hanawa, don kada a ce ba ka da kara. Haka aka yi wa Yaya Sabo, haka aka yi wa ubansu.

Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Ko faɗa wa Walida bai iya yi da bakinsa ba, Rakiya ya tura. Daga ɗakin bai ji kuka ba, bai ji an buga ƙofa ba. Shirun nan ya fi damunsa fiye da a ce ihu ta yi.

Asabar da sassafe aka kawo Gwaggo Laraba da jakar bakko guda biyu. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida tana jan carbi, ana jiran a gama lodi.

Malam Tanimu ya fito wajen mota, tun ba a tashi ba ya gaji da tafiyar.

Ya tarar da Walida a bakin but. Ta ciro jakar ƙaramin tantin ta ajiye a ƙasa, tana tura jakar Gwaggo a gurbinta, tana gyara wa turmi zama. Fuskarta ba fushi, kamar mai aikin da ta saba.

Ya matsa kusa da ita ya ce:

"Ki yi haƙuri, Mamana. Baɗi in Allah ya kai mu."

Ba ta ɗago ba.

"Baba, baɗi ta zo sau tara, duk tana samuna a gida. Wannan karon in ta zo ba na nan."

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro wani kwali da ya yi laushi don tsufa, ta miƙa masa, ta ce ya ba ƙannenta su riƙa dubawa a hanya.

Taswirarta ce. Rubutun 'yar shekara tara, haruffa wasu sun hau wasu. Ga kogi da shuɗin biro, ga duwatsu, ga giwa da ta fi kama da akuya mai dogon hanci. A ƙarshen layin ta zana tanti, da mutum biyu a bakinsa, babba da ƙarama.

Kunya ta kama shi, amma ba irin wadda ya saba ji a gaban manya ba. Wannan ta 'yarsa ce, kuma ta fi zafi.

Ya koma cikin gida ya durƙusa a gefen tabarmar Gwaggo. Ya gaya mata abin da bai taɓa faɗa a gaban babba ba: yarinyar nan ya yi wa alkawari shekara tara, wata mai zuwa za ta bar gida, kuma yau da ita zai tafi. Ya roƙe ta ta yarda ya kai ta tasha, ya sama mata gidan gaba ita kaɗai inda za ta miƙe ƙafa.

Gwaggo ta ja carbi kusan goma. Sannan ta ce lallai zamani ya zo, yau ga ɗan ɗan'uwanta yana yi mata bayanin 'yar fari ido cikin ido. Ta ce a ɗauko mata takalminta.

Ba ta sa masa albarka ba, ba ta kuma zage shi ba.

Ya kai ta tasha. Shinkafa, keke, jarka, turmi da taɓarya, duk ya haɗa su da direban ya ba shi lambobin masu kaya. Kafin ya dawo gida Yaya Sabo ya turo saƙon murya na minti shida a guruf. Har yau in sun haɗu gaisuwar a taƙaice take.

Sai hantsi suka bar Kano. Karin kumallon Wudil ya koma abincin rana. A Birnin Kudu suka yi awa guda a gaban zanen shanu, Malam yana bayani har muryarsa ta dishe, ba wanda ya ce a yi sauri. A Ningi ya wuce kwanar gidan surukan Yaya Sabo yana kallon gaba kamar wanda ya yi sata.

Washegari suka shiga Yankari. Giwa dai ba su gani ba, an ce da damina sukan yi nisa cikin daji. Wani biri kuma ya fizge ledar cincin ɗin Rakiya ya haye bishiya da ita.

Amma Malam Tanimu ya naɗe wando ya shiga ruwan Wikki, ya duba ƙasa, ya ga yatsun ƙafarsa. Ashe dai ba ƙarya ya yi ta koya wa 'ya'yan mutane ba.

Bayan la'asar suka kafa babban tanti. Sannan ya kwance igiyar ƙaramin, yana ta warin ajiya. Ya kafa shi da kansa, ya hana kowa taɓawa.

Ya ce Walida ta fara shiga, nata ne.

Ta durƙusa ta rarrafa ciki. Ta kwanta, ta miƙe.

Ƙafafunta suka fito waje, tun daga ƙwauri.

Ƙannenta suka fashe da dariya. Rakiya ta yi dariya. Ita ma Walida daga ciki ana jin tata, tana cewa a bar ta haka, ya ishe ta.

Malam Tanimu bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon ƙafafun nan, ƙafafun budurwa da lalle. Yarinyar da ya saya wa tantin ta daɗe da tafiya, yana gida ɗaya da ita bai lura ba.

Ya ce bari ya duba taya.

Ya zagaya bayan mota ya tsuguna, ya daɗe bai taso ba, alhali tayar sabuwa ce.

Darasi:

Kara abu ne mai kyau, zumunci kuma wajibi ne. Amma ka duba da kyau, wa kake yanka don ka yi wa mutane kara? Sau da yawa wanda ya fi kowa haƙuri a gidanka ne, don ka san shi ba zai yi magana ba.

Buhun shinkafa zai iya bin motar tasha. Yarintar ɗanka ba ta jiran baɗi.

In akwai wani alkawari da ka ɗora a saman sif, sauko da shi tun yana yi wa mai shi daidai.

Ka tura wa wani uba ko wata uwa da ka san ba su iya cewa a'a ba. Wataƙila akwai wata Walida a gidansu da ta daina tambaya.