Mai Gadin Ginshiƙin Abu Na'ama

Abdussalami bai zo Abu Na'ama don ya zauna ba. Hanyar Makka ce ta biyo da shi da matarsa Talatu, guzuri ya ƙare, suka yada zango suna tsinkar auduga a gonakin mutane.

Ba da daɗewa ba bayan Turawa sun miƙa mulki, wasu ma'aikatan awo suka sauka da lori a bayan gari. Suka kafa ginshiƙin siminti iya ƙugu, suka ɗora masa na'ura mai allura irin ta neman alƙibla. Babbansu, wani afandi, wato ma'aikacin gwamnati, mai suna Mahadi, ya ɗauki Abdussalami gadin wurin. Ya gaya masa akwai maganaɗisu a cikin ƙasa, shi ke juya allurar, kuma arewar da take nunawa tana gusawa kaɗan kowace shekara. Sai an riƙa aunawa a wuri ɗaya za a gane inda ta dosa. Don haka kada a taɓa ginshiƙin, kada a yi gini kusa da shi, ko fartanya kada a bari ta kwana wurin, don ƙarfe na rikita allurar.

Ba wanda ya nemi ya rantse. Shi ne daɗi ya kama shi, ya dafa Alƙur'ani ya ce ba zai gusa ba sai sun sallame shi.

Sun dawo sau biyu, daga nan shiru. Ayarin da su Abdussalami suka zo tare ya wuce Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Makka. Jibo, ƙanen Talatu, ya samo masa noma a wata hawasha, wato gona mai ruwan rani, kusa da Hasahisa, Abdussalami ya ce sai ya ji daga afandi.

"Malam, siminti ne fa," in ji Talatu. "Ba shi ci, ba shi sha, ba mai satar shi."

"Ba siminti na yi wa rantsuwa ba."

Liman ya ce kaffara ta ishe shi. Abdussalami ya yi azumin kaffarar, har ya ɗaure kaya, sai ga wani attajiri ya ajiye tarakta a gindin ginshiƙin. Abdussalami ya wuni yana rigima har aka janye ta, tafiya ta sha ruwa.

Gari ya yi ta matsowa da rufin kwano, Abdussalami ya ɓata da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da furfura ta cika masa gemu ya hau lori zuwa Sinja, babban garin lardi, neman sallama. Ya bi ofis-ofis, ba wanda ya san ginshiƙin. Mahadi kuwa, wani ya ce ya rasu, wani ya ce yana Hartum. Ƙarshe wani akawu ya ce za a bincika, ya koma bakin aikinsa kafin amsa ta zo.

Da ya dawo, Talatu na ganin fuskarsa ta gane, ta zuba masa asida, tuwon mutanen can. Bayan an yanke dawa ta tafi wurin Jibo ita kaɗai. Ya raka ta tasha, ya tsaya har lorin ya ɓace, sannan ya juya gida.