Dabinon da Na Jiƙa wa Kakana a Shayi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Ƙaura Namoda, kakana na wajen uba ya baro Katuru ya dawo gidanmu da zama. Ba da son ransa ba ne. Hanyar gona ta daina biyuwa saboda rashin tsaro, mahaifina ya yi ta aike har ya gaji, ya je da kansa ya ɗauko shi a bayan babur, da buzunsa da butarsa. Wata uku ya yi ba ya magana sai amsa gaisuwa. Abin da ya dawo da shi cikin mutane shi ne zauren gidanmu. Wasu tsofaffi uku na unguwar suka saba zama da shi bayan la'asar, da azumi ya kama kuwa nan suke buɗa baki tare kafin su wuce masallaci.

Ni ce mai wanke masa kaya. A rana ta biyu ta azumi na sa hannu a aljihun rigarsa na ci karo da dabino uku. Na ɗauka ajiya ya yi ya manta, na zuba su a gwangwani. Kwana biyu bayan haka ya ba ni wata rigar, na sami shida. Ni kuwa mutum ce da ba ta iya ganin abu ta wuce, sai na jera su a tafin hannu ina dubawa. Dabinon Nijar ne, irin busasshen nan mai tauri kamar tsakuwa da mahaifina yake sayowa a kasuwar Shinkafi. Kowanne gefe ɗaya ya ɗan jiƙe ya bushe, alamar ya shiga baki ya fito, amma babu shaidar haƙori ko ɗaya.

Daga nan na fara kallonsa. Na lura tuwo sai ya dama shi da miya sosai kafin ya kai baki. Goro kuma a ɗaki yake goge shi a magogi, ya fito yana motsa baki kamar mai tauna. Na gane. Kakana yana ɗaukar dabino a gaban abokansa, ya sa a baki, in idonsu ya kauce ya mayar aljihu. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa buɗa baki da wani abu kafin dabino ba.

Na gaya wa mahaifiyata a madafi. Ko ɗagowa ba ta yi daga tukunyar kunu ba.

"Na sani," in ji ta.

"Inna, to me ya sa ba a faɗa masa ba?"

"Wa zai faɗa? Ni, surukarsa? Ko babanki da ko sunansa ba ya iya kira? Ke ce jika. Ke kaɗai ce in kin ce masa tsoho mai wawulo, dariya za a yi."

Gaskiyarta. A wurinmu jika ke da bakin tsokanar kaka. Shi ma tun da ya zo yake gwada ni, in na kawo masa ruwa ya ce, "Amarya, yau ma ba a yi man kwalliya ba?" Da wata jikar ce, da ta rama. Ni kuwa sai in ajiye kwano in sunkuyar da kai in gudu. Allah ya ba gidanmu jika ɗaya, ita ma ba ta magana.

Tunda bakin ya ƙi, na ce bari hannu ya yi. Na cire ƙwallon dabino goma, na jiƙa su, na daka da soyayyar gyaɗa, na mulmula ƙanana na jera a kwanon sha mai murfi, na aika zaure tare da kunu. Na ɗanɗana ragowar turmin bayan magariba, wallahi ya yi daɗi. Kwanon ya dawo yadda ya tafi. Washegari kakana ya ce wa mahaifina gwiwarsa na ciwo, daga yau a kai masa abin buɗa baki ɗaki.

Wannan ta dame ni fiye da dabinon aljihu. Na so in gyara, na tona masa asiri a gaban tsaransa da abincin marasa haƙori. Kwana biyu ina jin tsofaffin a zaure suna tambayar jikinsa, shi kuma yana ɗaki shi kaɗai yana kallon bango, kamar farkon zuwansa.

Sai na sake lale. Abin da ake buƙata dabino ne da zai yi laushi a baki amma a ido ya zauna dabino, kuma kowa a zauren ya ci irinsa. Na juya littafin kimiyyata ta baya na ja layuka. Na samo gwangwanayen madara huɗu na rubuta musu lamba da gawayi. Wahalar ita ce ina azumi, ba halin ɗanɗanawa. Da rana sai dai in matsa da yatsa in rubuta, in jira magariba. In an sha ruwa kuma, sai in sa dabinon tsakanin harshe da ganɗa in danna ba tare da haƙori ya taɓa shi ba, don in ji abin da shi zai ji. Mahaifiyata ta taɓa kama ni a haka, na lanƙwashe leɓe a kan haƙora ina mamular dabino ina rubutu. Ta daɗe tana kallona.

"Karatun ne ya kawo mu nan?" ta ce.

Ruwan sanyi ya yi laushi, amma dabinon ya koɗe ya kumbura, zaƙin duk ya gudu cikin ruwan. Tafasasshen ruwa ya saɓule masa fata. Madara kafin la'asar ta yi tsami, don azumin zafi ne. Duk wanda ya ga ɗayansu zai san jiƙa shi aka yi.

Shayin kuwa a wurin wanke-wanke na same shi. Ina dirzar farin ƙyallen da muke tace shayi da shi, wanda ya rine ya koma ja, na yi sabulu har sau uku ya ƙi fita. Na tsaya da kumfa a hannu ina tunani: abin da ya rina ƙyalle haka, me zai yi wa fatar dabino?

Gwajin farko na cika ganye, ya yi bauri har harshena ya ɗaure. Na biyu na rage ganye, na jefa kanumfari biyu, ban sa sukari ba, na bar shayin ya huce har yatsa zai iya zama ciki. Na zuba dabinon daga azahar zuwa la'asar, na tsame, na baza a faifai a inuwa, na rufe da rariya saboda ƙuda. Kafin magariba fatar ta tsane. Ya yi baƙi-baƙi yana ɗan sheƙi, bai fashe ba, bai saɓule ba. Da na danna shi da harshe sai ya baje kamar alewa, ga ƙamshin kanumfari can ƙasa. Na rubuta awo da lokaci, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Saura fito da kakana daga ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofarsa, na haɗa duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Angon da ke ɓuya a ɗaki, ni ba na aurensa." Ko gama faɗa ban yi ba na juya. Ina jin dariyarsa har madafi. Da yamma ya ɗauki buzunsa ya fita zaure yana ɗingishin da jiya babu shi.

Na miƙa faranti ta ƙofar ciki, na laɓe a bayan ƙyaure. Aka kira salla. Na ji bisimilla, sai shiru. Ta tsagar ƙofa na ga kakana ya ɗauki ɗaya ya sa a baki, ya tsaya. Sannan haɓarsa ta fara motsi a hankali. Ya fito da ƙwallon tas ya ajiye a gefen tabarma, ya ɗauki na biyu.

A cikin abokansa akwai wani Alhaji, tsohon mai fataucin fata, da ya je Makka sau biyu kuma ba ya bari a manta. Shi ya fara magana.

"Wanga na Madina na. Ni na san shi, na ci shi can. Wa yak kawo maku tsaraba ba a hwaɗi muna ba?"

Ya zaro hankici ya ɗauki guda biyu yana naɗewa.

"Bari in kai ma mai ɗakina. Wata biyu tana kwance, ta samu albarkar garin Manzo."

Ban yi nufin yaudarar kowa ba, launi kawai nake nema. Kakana ya daɗe yana kallon hankicin.

"Alhaji, dakata," ya ce. "Kada ka kai ma marar lahiya abin da ba shi ba, cikin watan ga. Na kasuwar Shinkahi na. Jikanyata ta jiƙa shi ga shayi. Shekara sittin ina shan shayi, ba a ɓoye man shi."

"Ga shayi? Don mi?"

"Don haƙora sun ƙare." Ya buɗe baki ya nuna musu. "Ga shi nan. Tun farkon azumi ban ci dabino ba sai yau."

Na runtse ido ina jiran dariya. Ta zo, amma ba irin wadda na ji wa tsoro ba.

"Malam, mu da munka gaji da duƙawa ga kwanon kunu don ka samu ka kai hannu aljihu?" in ji Alhaji. "Wuyana har yanzu ciwo shikai."

Ya ƙarasa ɗaure hankicinsa ya sa a aljihu, ya ce ko na Shinkafi ne zai kai mata, ita ma nata haƙoran ba su fi na Malam yawa ba. Suka tashi salla suna gardamar wanda ya fi saura a baki.

Har yau ban san ko Alhajin nan da gaske ya ɗauka na Madina ne ba, ko kuwa hanya ya buɗe wa abokinsa ya faɗi abin da ya yi masa nauyi. Mutumin da ya ci na can sau biyu zai rasa gane ɗanɗanon shayi? Na sha juya tambayar. Na yi niyyar yi masa ita sau da yawa, kunya ta hana, har ya rasu.

Abin da na sani shi ne, ni da nake ganin ni kaɗai ce mai lura a gidan, ni ce ta ƙarshe da ta gani. Mahaifiyata ta sani, abokansa sun sani, kowa ya kau da kai don ya rufa masa asiri, rufin asirin kuma ya bar tsoho sama da kwana goma ba dabino. Ba na cewa sun yi laifi, ni ma irinsu ce. Sai dai tun daga lokacin, in na ga ana ta kau da kai daga wani abu saboda kara, nakan tambayi kaina wa ke kwana da yunwa a cikin shirun.

Da suka dawo daga masallaci a ranar, ya tarar da ni ina kwashe kwanuka. Ya tsaya a kaina da sandarsa.

"Amarya."

"Na'am, Baba."

"Gobe ki ƙara yawa. Kishiyoyina uku na, kuma duk sun hi ni ci."

Azumi huɗu ya ƙara yi a duniya, duka a zauren nan ya buɗa baki.