Saƙon Inna Zuwa Bilbao

Ana idar da sallar asuba muka bar Ka'akiyya, unguwarmu a Makka, ni da maigidana, muka kama hanyar Jidda. Waɗanda suka ga hotunan da na riƙa sakawa sun yi ta rubuto mini "Allah ya sa mu a danshinku". Na gode, amma ku tsaya ku ji yadda tafiyar ta kasance. A takarda, yawon buɗe ido muka je Bilbao, wani birni a arewacin Sifen, yankin mutanen Bask. A zuciyata kuwa ƙanena na je ɗaukowa.

Shi ne autanmu. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi kamar ni, amma takardunsa na Chadi ne, ƙasar da iyayenmu suka ratso, wadda shi bai taɓa takawa ba. Ni aure ya ba ni takardar zama 'yar ƙasa. Shi iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, aka buga masa fitar da babu dawowa, yau shekara tara ke nan. Ya yi ta faɗi-tashi har ya tsinci kansa a Bilbao. Inna tana kwance tun bayan Hajji, ƙafa ta daina ɗaukarta, kullum idonta yana ƙofa. Na ƙudurta a raina sai na kawo mata shi, ko da bizar umara ce, ta gan shi ko na mako biyu.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, ta miƙo mini wani ƙunshi a leda, an ɗaure shi tamau da zare.

"Ki ba shi a hannunsa. Kada ki buɗe."

Na ce, "Inna, wane saƙo kuma, mutumin da zan taho miki da shi?"

Ta ce, "To, Allah ya sa." Ta juya fuskarta bango. Na taɓa ƙunshin na ji laushin yadi, na ce jallabiya ce, na jefa a akwati.

Jirgi ya sauke mu a Madrid, daga nan muka hau bas, tafiyar wajen awa biyar. Farkon hanyar busasshiya ce, ba ta ba ni mamaki ba. A wajen da aka tsaya hutu muka sha kofi da burodi, maigida ya mayar da kuɗin riyal a kansa ya riƙe baki, ya ce da wannan a unguwar Tandabawi ta Makka sai ya ci ful da tamis, wato wake da gurasa, ya sha shayi, har ya saya wa maƙwabci. Can gaba bas ta fara shiga cikin duwatsu tana fita, kowace fita kore yana ƙaruwa, har ya zama ba ka ganin ƙasa. Ni da na girma tsakanin baƙaƙen duwatsu sai na ji idona ya gaji da shi. Allunan hanya kuma da yare biyu aka rubuta su, na ƙasan ko maigida mai taƙamar boko bai iya karantawa ba.

Da yayyafi garin ya tarbe mu. Ku da kuka san Makka kun san in ruwa ya sauko kowa fitowa yake, ana ɗaga hannu ana roƙo. Haka na tsaya a bakin tasha na ɗaga nawa ina roƙon Allah ya haɗa Inna da ɗanta. Wani tsoho mai baƙar hula shimfiɗaɗɗiya ya zo ya ɗora mini lemarsa, yana ta yi mini magana, ashe ya zaci ɓata na yi. Su ko kallon sama ba sa yi. A masauki kuma wani abin kunyar ya same ni: na shimfiɗa sallaya na tsaya ina waige-waige. Shekarata arba'in da biyu ban taɓa neman alƙibla ba, leƙa taga kawai nake in hango agogon Harami. Sai da waya ta nuna mini.

Auta yana wajen aiki sai jibi zai samu fita, don haka muka yi wuni guda na yawo. Kogi ne ya raba garin biyu, ruwansa kore-kore mai duhu, da safe ya janye, can ya sake cika, saboda teku tana kusa. Gadoji birjik, mutane suna ta tafiya a bakinsa da karnuka. Akwai wani katafaren gidan kallo da aka lulluɓe da ƙarfe mai sheƙi, ba kusurwa ɗaya miƙaƙƙiya a jikinsa. A ƙofarsa an gina kare da furanni, ya fi gidanmu tsayi. Maigida ya ce shi ba zai ɗauki hoto da kare ba, daga baya shi ya fi kowa yawan hotuna. A tsohon gari lunguna ne matsattsu irin na Jarwal kafin a rushe. Abincinsu 'yan gutsattsarin burodi ne da aka ɗora wa abu aka soke da tsinke, amma cinyoyin alade a rataye suke a saman kai kusan kowane shago. Muka tsaya a kan kifi da wainar ƙwai da dankali. Duk murmushin da kuka gani a hotuna na wannan ranar ne.

Washegari da la'asar muka haɗu da shi a bakin gada, kusa da babbar kasuwa. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, hannuwansa duk tsaga saboda gyaran kifi yake yi a ruwan sanyi. Yana riƙe da 'yarsa mai shekara huɗu, wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci. Muka rungumi juna muka yi kukanmu. Maigida ya ja yarinyar ya tafi nuna mata agwagi, mu kuma muka zauna a wani benci da ke fuskantar ruwa.

Ban ɓata lokaci ba. Na zayyana masa komai: biza, tikiti, ɗakin da na share masa. Ya bari na gama tsaf.

"Yaya, fasfona ya mutu shekara uku ke nan. Takardar zama a nan har yau jira ake ce mini. In na fita yau, ba za a bar ni in dawo ba. In biza ta ƙare a can kuma, Injamena ta Chadi za a kai ni. Wa na sani a Injamena?" Ya nuna yarinyar da haɓa. "Ita da uwarta fa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna ba za ta jira takardarka ba. Ka ji ni kuwa?"

"Na ji, Yaya. Kullum da wannan nake kwana."

Na faɗa masa maganganun da yanzu nake nadamarsu. Daga nan sai na ciro ƙunshin na dangwara masa a cinya. Ya sa haƙori ya tsinke zaren. Farin yadi ne, falle uku, a ninke, ya ɗan yi tauri irin na yadin da aka jiƙa aka shanya ba a goge ba. Ba wanda ya yi wa wani bayani, mu biyu mun san shi.

Sana'ar Inna ke nan shekara talatin. Tana sayar wa alhazai farin yadi, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a saman gidanmu na Jarwal, ni da Auta muna riƙe mata bakin. Alhaji ya tafi da shi garinsu ya ajiye, likkafaninsa ke nan, tunda nesa da Makka zai mutu. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi wa ɗan gida ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Mu me za mu yi da shi, mu da a Harami za a sallace mu? Wannan na baƙi ne." Yau ga shi ta yi wa autanta. Tun ina share ɗaki ina lissafin ranar isowarsa, ita ta riga ta gama nata tunanin.

Auta ya kifa fuskarsa a yadin, kafaɗunsa suna rawa. Yarinyar ta dawo da gudu ta ja bakin yadin, ta tambaye shi wani abu da yarensu. Na ce me ta ce? Ya ce tambaya take ko zanen gado ne, ya ce mata eh.

Kwana uku muka ƙara. Mun shiga jirgin ruwa, mun hau wani ɗan jirgin ƙasa da ke hawa dutse aka nuna mana garin daga sama. Wallahi ban ga komai ba. A tasha ranar komawa ya riƙe hannuna ya ce, "Ki ce mata ya iso. Ki ce ta yafe mini."

Mun shigo Makka da hantsi, zafi ya doke mu tun daga ƙofar mota. Idan akwai abin da tafiyar nan ta koya mini, shi ne akwai abin da tikiti da ƙoƙari ba sa gyarawa, kuma tsofaffinmu suna riga mu ganinsa, su yi shiru su bar mu mu je mu gani da idonmu. Maƙwabciyar da ta kula da Inna ta tare ni a tsakar gida, ta ce ita aka aika ta ɗebo zamzam a jarka, Inna ta jiƙa yadin da hannunta a cikin roba, daga kan gado.

Na shiga ɗakin ni kaɗai. Ba ta leƙa bayana ba. Na durƙusa na isar da saƙonsa, ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta ce:

"Ya ƙara jiki? Da awon da na san shi na yanka."

Na ce, "A'a Inna, zai ishe shi."