Tayoyin Haya

Saura kaɗan in fasa ba da labarin nan. 'Ya'yana sun girma, surukaina suna ganin girmana, kuma a unguwarmu ta New Bell a Duwala magana ba ta kwana wuri ɗaya. Amma samarin yanzu ina ganin yadda idonku ke rawa a bakin gareji, shi ya sa na ce bari dai in faɗa.

Ni mai facin taya ne tun asali. Na bi manyan motoci har Bangi da Njamena da Kano, ba garin da ban ci tuwonsa na yi ƙorafin miya ba. Da na gaji na kafa rumfa a unguwar Bassa, kusa da inda kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke kwana. Ina samun na cefane, ina barci har da minshari.

Sai kiriz ta zo, wato karyewar tattalin arziki. Aka yanke albashi, kuɗin sefa ya faɗi, taya sabuwa ta zama abin kallo daga nesa. Ga doka kuma ba ta sassauta ba: kowace kamiyo sai ta je bizit, a duba birki da fitilu da tayoyi, kafin a bar ta ta hau hanya.

Wata safiya wani mai motoci, Alhaji Buba, ya zo ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini tayoyin can masu kyau. In an gama bizit ka kwance abinka." Na ce a raina, aro ai taimako ne. Ya ba ni na goro. Kafin damina ta ƙare aro ya zama haya. Na tara tayoyi masu kyau, har da tukunyar kashe gobara, mota ta sa su da safe kamar kayan angwanci, da la'asar ta koma tsummanta. Don kada a musanya mini, kowace taya na ɗiga mata fenti rawaya a gefe. Ina ganin wayo na yi.

Amma barci ya ƙaura. Duk motar da na kwance wa taya ta bar Duwala, sai in riƙa kasa kunne. In na ji direbobi sun yi shiru a teburin mai shayi, sai in ce mugun labari ne ya iso.

Akwai Sale, direban Alhaji Buba, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu. Ranar da motarsa ta ci bizit, ya tsaya a kaina ina mayar masa da tsofaffin tayoyi, sun yi sumul kamar tafin hannu.

Ya ce, "Yaya, ka bar mini ko na gaba. Siminti na ɗauko, ga ruwa ana ta yi."

Na yi dariya na ce, "Kai da ka haddace hanya kamar Fatiha? Wata motar na jiransu gobe."

Ya hau ya tafi.

Lokacin ba waya a aljihu, labari sai a bakin wanda ya dawo. Kullum matarsa Hajara ta leƙo ta ce, "Yaya, an ji ɗuriyarsu?" In ce lafiya lau, alhali ban san komai ba. Abinci ya daina shiga. Har sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Da labarin ya zo, ya zo ne tare da jandarma. Tayar gaba ta fashe a gangara bayan Ngaundere. Motar Sale ta ƙwace, ta bi ta kan wata mata mai sayar da fiya a bakin hanya, ta mutu nan take. Sale ya rayu, amma an yanke masa ƙafa. Da aka tambayi mai duba motoci yadda wannan taya ta ci bizit, sai ya tuna ya sha ganin ɗigon rawaya a ƙafar motoci daban-daban. Fentina ne ya kawo su har rumfata.

Aka yanke mini hukuncin ɗauri, gidan yarin kuwa a unguwarmu yake. Na zaga ƙasashe, ƙarshe aka kulle ni inda nake jiyo ladanin masallacinmu. Shekarun da na yi ciki, ba ranar da ban ji muryar Sale yana cewa in bar masa ko na gaba ba.

Na fito, na tuba, na koma facina na halak. Ku samari, in mai mota ya ce ku taimaka a rufe idon masu duba mota, ku ƙi, ko da zai kira ku matsorata. Ba jami'i kuke yaudara ba. Shi yana ofis. Wanda zai sauka gangara da siminti a bayansa, shi kuke aikawa, da duk wanda ya zauna a bakin hanya yana neman abincinsa.

Da na samu ƙarfin hali na shiga gidan Sale. Yana zaune a tabarma, sandunansa a jingine. Na durƙusa na roƙe shi gafara, ina kuka kamar ba mai furfura ba.

Ya ce, "Tashi, Yaya. Ni na yafe tun ina asibiti, ni ma da idona na gani na hau." Sai ya dube ni. "Amma matar nan mai fiya fa? Ka ma taɓa tambayar sunanta?"